Kan Lili na Bakwai

Akwai wani tsohon hedimasta da ya yi ritaya, amma hannunsa ya ƙi yin ritaya. Komai sai ya duba. Ko tukunya ce a kan wuta, sai ya ɗaga murfi.

Da matarsa ta rasu, ta bar kawunan furen lili guda bakwai a cikin kwali, masu kama da albasa. Su take shukawa a bakin baranda duk shekara. Ya rantse bana ma sai sun yi fure.

Maƙwabcinsa mai sayar da furanni ya ce, "Malam, ka binne su zurfin tafin hannu, ruwa sau biyu a mako. Sai ka ƙyale su."

Ya binne su. Ƙyalewar ce fa aiki. Kwana uku shiru. Ya shiga, ya fita, ya tsuguna, ya miƙe. Rana ta huɗu ya tone ɗaya, wai ya ga ko yana ƙoƙari. 'Yan jijiyoyin da suka fara fitowa suka tsinke. Ya mayar, ya ɗura masa ruwa na ban haƙuri.

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har shida suka ruɓe.

Wata safiya 'yarsa ta zo gaishe shi, ta same shi tsugune kan na bakwai, da cokali a hannu.

"Baba, me za ka yi?"

"Dubawa kawai zan yi."

"Shi kaɗai ya rage mana daga hannun Mama. In ka tone shi, shi ke nan."

Ya miƙa mata cokalin.

Wallahi mutumin nan ya sha wuya. Yakan share tsakar gida sau uku a yini don kada hannunsa ya zauna banza. In ya zo wucewa ta baranda, sai ya harɗe hannuwa a baya, yana hararar ƙasa.

Bayan mako uku tsiro ya leƙo. Ya yi kara, ya yi toho. Tohon kuma ya tsuke baki kwana da kwanaki, har Malam ya kai yatsa zai ɓare shi, ya janye.

Ranar da farin furen ya buɗe, ya kira 'yarsa a waya.

"Ya buɗe. Ban taɓa shi ba, da kansa ya buɗe."

Sai kuka ya ƙwace masa.

Darasi: Yawan tonawa da dubawa yakan kashe abin da kake so. In ka yi naka, ka ba shi lokacinsa. Ku tura wa mai gaggawar da kuka sani.