Gyartan da Ya Roƙi Aya Ɗaya

An yi wani mutum, can zamanin kakanni, ana ce masa Nomau. Gyartai ne, ɗinkin fasasshiyar ƙwarya ne abincinsa. Maraya ya tashi, ba wanda ya kai shi makaranta. Ku saurara, jama'a: bawan Allahn nan har furfura ta fito masa bai san baƙi ba. In ya ji ana karatu, sai ya raɓe a bayan danga, hawaye na zuba. Ba abin da yake so a duniya kamar ya buɗe Alƙur'ani ya karanta da bakinsa.

Yana da amini, Jatau, shi ma ƙishirwarsu ɗaya. Jatau ya ce masa, "Bari mu samu damina mai albarka, mu cika rumbu, mu ajiye sana'a mu tafi gabas. Kafin ka ankara mun sauke."

Nomau ya ce, "Allah ya kai mu. Ni dai zan fara lallaɓawa."

Ya je ya durƙusa gaban liman, ya ce, "Allah gafarta malam, aya ɗaya nake roƙo."

Kan tsufa ga tauri. Aya ɗaya sai ta yi kwanaki ba ta zauna ba. Yana ɗinki yana maimaitawa, mata masu kawo ƙore suna ƙunshe dariya. Ya yi doguwar jinya, karatun da ya tara ya zube, ya koma farko. Bai daina ba, jama'a, bai daina ba.

Jatau fa? Daminar ta zo, ya ce sai ya aurar da 'yarsa. Damina ta sake zuwa, ya ce baɗi.

Ran da ciwon ajali ya kwantar da Jatau, ya aika a kira amininsa. Nomau ya zauna kusa da kansa, ya buɗe Alƙur'ani yana karantawa, yana bi da yatsa, a hankali. Jatau ya kama gefen rigarsa ya ce, "Kada ka tsaya. Ni har yau ban fara ba."

'Yan'uwa, kaɗan da ake yi kullum ya fi mai yawa da ake jira. Kowannenmu nan yana da alherin da ransa ke bege, ya jingine shi sai ya samu sarari. Wa ya yi maka alkawarin baɗi? In an sallame, je ka ɗauki ayarka ɗaya.