Gurun da Ya Shiga Naman Yaro

Akwai wani mutum, manomi ne, shi da matarsa sun binne 'ya'ya biyu tun suna goye. Da aka haifa musu na uku, namiji, tsoro ya kama mutumin. Sai ya ja akuya ya kai wa wani boka. Bokan ya ɗauko guru ɗinkakke da jar fata, ya ɗaura wa jaririn a ƙugu da kansa, ya ƙulle tamau. Ya ce, "Ran da aka kwance wannan, ran nan za ku haƙa rami na uku."

Yaro ya yi ta shan nono yana girma. Guru kuwa ba ya girma. Kafin a yanke gero yaron ya soma kuka ba tsayawa, jikinsa ya yi zafi, ya ƙi nono. In uwar ta zo yi masa wanka sai ta ga tsoka ta haɗiye gurun, wurin yana ruwa, yana wari.

Ta ce, "Maigida, abin nan cin yaron nan yake yi."

Ya ce, "Mayu ne suke kawo hari, gurun yana tare su. Kada ki kuskura ki taɓa."

Ya koma wurin boka da zakara, ya dawo da laya, ya ƙara wa yaron a wuya.

Wata rana matar tana yankan kuɓewa a tsakar gida, sai ta ji kukan ya koma nishi. Ta durƙusa a kan ɗanta ta ce, "Ya Ubangiji, kai ka ba ni shi, ba boka ba." Ta zura bakin wuƙa a hankali ta tsinke gurun. Ya fito da jini da mugunya. Ta goya yaron zuwa ɗakin shan magani, aka wanke gyambon aka ɗaure. Kafin rana ta faɗi ya kama nono.

Da mutumin ya dawo daga gona ya ga gurun a ƙasa, kaji suna caccakarsa, bai ma leƙa ɗansa ba. Ya ruga wurin boka, ya dawo da sabo.

Ya ce, "An ce wancan ya yi kaɗan ne. Ga babba."

Matar ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Babba ne? To zai yi maka daidai, ɗaura. Ɗana dai ba mai ƙara ɗaure shi ina raye."

Yaron ya rayu, da tabo zagaye da ƙugunsa.

Ma'anar wannan misali ita ce, manomin nan mu ne, mu da muke waƙa a majami'a cewa Yesu ya isa, ga kuma laya a cikin ɗankwali. Gurun shi ne duk abin da tsoro ya sa muka dogara gare shi muka bar Ubangiji. Yana shiga nama, mu muna cewa tsaro yake yi. Wuƙar kuwa bangaskiya ce, sai an yi ƙarfin hali a ɗauka.

Abin da yake ƙona mini rai ke nan. Ni gwauruwa ce, da cinikin hatsi na rene 'ya'yana, ban taɓa sayen buhu ban zura hannu har ƙasa ba. Ku kuma haka kuke, na san ku a kasuwa, ko barkono sai kun shinshina. Amma wani ƙato zai miƙo muku abu a ɗinke, ya ce kada a buɗe, kada a tambaya, kada a kwance, ku karɓa da hannu biyu har da godiya. Wane irin ciniki ne wannan? Shi da ba ya iya hana kansa ciwon haƙori, shi zai tsare ran ɗanki?

Lahadin da ta wuce na ɗauki jikar wata a cikinku, na ji abu mai tauri a ƙarƙashin rigarta. Ban faɗi suna ba. Amma ranar Lahadi mai zuwa zan sake ɗaukarta.