Shingen da Ya Kira Bareyi

A wani zamani da ya shuɗe, an yi wani Sarki wanda ba abin da yake ji da shi kamar ɗan lambun furanni da ke bayan gidansa. Mahaifiyarsa ce ta dasa wardi da lalle da ɗoɗɗoya a ciki kafin ta rasu, ta bar su a hannun wani tsoho wai shi Tunau. A ƙasar nan kuwa ba a taɓa barewa, don an ce ita ta nuna wa kakan Sarki ruwa ran da ƙishirwa ta kusa halaka shi. Ko jifarta mutum ya yi, sai ya bar gari.

Wata shekara ruwa ya yi yawa a ƙarshen damina, ya shanye fadama, bareyi suka hauro tudu da yunwa. Cikin kwana uku suka yi wa wardin Sarki aski. Sarki ya sa aka kira Tunau, ya ce, "Kai tsoho, in lambun nan ya ƙare, ka nemi wata ƙasa. In kuma ka taɓa barewa, ka nemi wata ƙasa."

Tunau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya fito cikin baƙin ciki, yana tunanin inda mai shekara saba'in zai dosa.

Waziri kuwa bai taɓa riƙe fartanya ba, amma bai taɓa rasa shawara ba. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ai shinge kawai za a yi." Ya sa aka sare duk farar ƙayar da ke kan tudu, aka jibge ta ɗanya kewaye da lambu. Kashegari bareyin da ba su fi biyar ba suka zama talatin. Waziri ya ce a ƙaro ƙaya.

Tunau ya sami gindin tsamiya ya zauna, ya yini yana kallo. Sai ya ga ganyen shingen suke fara tsinka, in sun gama su yi tsalle su faɗa ciki.

Da safe ya roƙi Sarki ya tako bakin lambu, Waziri na biye. Tunau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, wanda aka ɗauke tuwonsa aka ajiye a ƙofar wani, in ya biyo sawu, ɓarawo ne?"

Sarki ya ce, "A'a, mai tuwo ne."

Tunau ya nuna bareyi, ga su sun jeru suna cin shinge, ya ce, "To ga masu tuwo nan. Ruwa ya ci fadamarsu, gatari ya ci tudunsu, aka kwaso sauran aka kawo musu ƙofar wardi."

Sarki ya dubi Waziri, Waziri ya dubi ƙasa. Sarki ya ce, "Mene ne magani?"

Tunau ya ce, "A janye ƙayar nan. Ni kuma zan jiƙa kashin awaki in yayyafa wa furannin gefe, dabba ba ta cin abin da ya taɓa."

Waziri ya toshe hanci ya ce, "Kashin awaki a lambun Sarki? Wane bagidaje ya koya maka wannan?"

Tunau ya ce, "Wadda ta dasa lambun."

Sai Sarki ya ce, "A yi yadda ya faɗa. Amma mai yunwa ba wari kaɗai ke korarsa ba, sai an nuna masa akushi. Waziri, na ji kana da gonar wake a gindin tudu. A buɗe shingenta har ruwan fadama ya janye."

Haka aka yi. Warin ya gushe cikin mako guda, wardi ya sake toho, Tunau ya ƙarasa kwanakinsa a garin da aka binne cibiyarsa.

Masu ba da labari sun ce kullum da hantsi sai a ga Waziri tsaye bakin gonarsa, bareyi talatin na kiwo a gabansa, ga duwatsu birjik a ƙasa, ba halin ya ɗauki ko ɗaya.