Kitson Da Ya Ruɓe A Kan Mai Kitso

Akwai wata mata da ake kira Iya Mai Kitso. Jama'a, wallahi har yanzu da nake rubuta labarin nan raina a ɓace yake.

Iya ta yi shekaru tana kitso a ƙofar ɗakinta, da shi ta ci da marayunta har ta aurar da su. Ita kanta Allah ya ba ta gashi mai cika da tsawo, har gadon baya, kuma tana ji da shi.

Sai kafaɗarta ta dama ta fara ciwo. Tun tana shafa man zafi har hannun ya ƙi ɗaguwa. Likita ya ce kafaɗar ce ta daskare, za ta saki, amma sai an yi watanni ana motsa ta a hankali.

Wanda bai taɓa wannan ciwo ba, ba zai gane ba. Babu rauni, babu kumburi, amma saka riga sai da hawaye. In ta manta ta miƙa hannu da sauri don ɗauko kofi, sai ta durƙushe tana salati. Ta ɓangaren dama kuwa ba ta kwanciya sam.

Sana'a ta tsaya. Masu zuwa kitso suka koma wajen Maman 'Yan Biyu, wata matashiya da ta buɗe shago a tsallaken layi. Tun buɗe shagon nan Iya ba ta amsa gaisuwarta da daɗi.

Amma babban abin da ke damun Iya shi ne kanta. Ƙananan kitso ne a kan tun kafin ciwon, kuma hannu ɗaya ba ya tsefe irinsu. Ga zufa, ga amosani, ga ƙaiƙayi.

Tana da 'ya mace guda ɗaya, wadda ake kira Gimbiya saboda yanga. Gidan aurenta ba nisa. Ita ce mai ɗora hoton Iya a waya tana rubuta, "Uwata aljannata."

Da ta zo gaisuwa, Iya ta ce, "Gimbiya, don Allah ki tsefe min kan nan ki wanke. Ya dame ni."

Gimbiya ta zame ɗankwalin da yatsa biyu, ta ja baya tana toshe hanci.

"Wai! Iya, wannan wari fa? Kamar an jiƙa tsumma an manta!"

"Shi ya sa na ce ki taimaka."

"Jiya aka manna min farcen nan, karyewa zai yi. Bari sai na dawo."

Kun san abin da ta yi? Turare ta ciro daga jaka, ta fesa wa kan uwarta, ta mayar da ɗankwalin ta ɗaure tamau. Sannan ta jingina kumatu da na Iya ta ɗauki hoto. Tir!

Haka aka yi ta yi. Yau biki gare ta, gobe mijinta na da baƙi, jibi kanta ke ciwo. Da Iya ta matsa, sai ta ce, "Ke ma fa Iya kina da son jiki. Hannu ba karyewa ya yi ba. Ki tsallaka shagon can mana a yi miki."

Iya ba ta je ba. Ita da ta gyara kan rabin matan layin, yaya za ta kai wa matashiyar can, 'yar cikinta a sana'a, irin wannan kai? Kunya ta hana ta.

Wata rana da hantsi, Maman 'Yan Biyu ta fito zubar da ruwa, sai ta hango Iya ta zura mariƙin cokali ƙarƙashin ɗankwali tana susa, ta runtse ido kamar za ta yi kuka. Mai sana'a ta san irin wannan susar. Ta rufe shago, ta ɗauko mataji, mai da sabulu, ta yi sallama.

"Iya, na zo tsifa."

"Wa ya aike ki?"

"Babu kowa. Zauna nan, ki jingina hannun a kan matashi."

Iya ta so ta yi gardama, amma ƙaiƙayin ya fi ƙarfin girman kanta. Ta zauna.

Da aka buɗe, abin babu kyan gani. Kitson ya dunƙule ya zama curi, ƙwarƙwata na yawo, fatar kan duk ƙuraje har da ruwa-ruwa. Maman 'Yan Biyu ba ta ko yatsine fuska ba. Ta zuba mai, ta yi ta lallaɓawa har yatsunta suka yi sanyi, amma gashin ya riga ya mutu.

"Iya, ki yi haƙuri. Sai an sa almakashi, in ba haka ba ƙurajen ba za su warke ba."

Iya ta shafa gashin da hannun hagu. Can ta ce, "Yanke, 'yar nan."

Gashin na zuba a cinyarta, hawaye na bin sa. Aka wanke kan da ruwan ɗumi, aka shafa magani. Iya ta sa aka tattara mata gashin a leda.

Da yamma sai ga Gimbiya da ƙawayenta, sun biyo daga wani taro, tana so su ga "tsohuwarta". Ta tarar da uwarta zaune, kai a aske. Maimakon ta tambayi lafiya, sai ta hau faɗa.

"Wa ya yi miki wannan ɗanyen aiki? Waccan matar? Haba Iya, kin kunyata ni! Yanzu ai sai a ce ba ki da 'ya!"

Iya ta dube ta, babu ko ɗaga murya.

"Ni ban faɗa wa kowa ba ni da 'ya ba. Kan ne ya faɗa."

Ta ɗauki ledar da hannun hagu ta miƙa mata.

"Ungo. Ke ya yi ta jira har ya ruɓe."

Gimbiya ta buɗe, warin ya bugi ɗakin, har da sauran ƙamshin turarenta a ciki. Babbar ƙawarta ta kalli ledar, ta kalli farcen Gimbiya, ta ce, "Yanzu da ranki aka yi wannan?" Suka gaishe da Iya, suka fice ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta jira ta.

Kafaɗar Iya ta saki daga baya, kamar yadda likita ya ce. Gashin dai bai sake kai kafaɗar ba.

Darasi: Son iyaye ba a hoto yake ba, yana wajen wanke abin da kake ƙyama a ranar da hannunsu ya gaza. Ciwon da ba ka gani da ido ba, kada ka kira shi son jiki. Ku tura wa 'yan uwa, kuma duk mai tsohuwa a gida ya je yau ya tambaye ta abin da hannunta ya daina kaiwa.