Beguwa da Ƙayar Bushiya

Ga ta nan ga ta nanku, ku matso kusa.
Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wai a wani daji, an yi shekarar da karara ta yi yawa. Duk wanda ya gogi gashinta, sai ƙaiƙayi kamar ya tuɓe fatarsa. Bushiya ce mai magani. Sai ta jingina ƙayarta a wurin, ta ɗan danna. Mai ƙaiƙayi ya ce "Wash!", ƙaiƙayi ya kwanta.

Beguwa kuwa, ƙofarta na kallon ta Bushiya. Kullum tana ganin jama'a a can, zuciyarta na tafasa. Ta ce, "Wannan 'yar dunƙulen? Ƙayata ɗaya ta fi tata goma!"

Sai ta tsallaka, ta ce, "Ƙanwata, mene ne asirin?"

Bushiya ta ce, "Yaya, ba asiri. Zafi da ƙaiƙayi kowa da jijiyarsa, amma a gadon baya suke haɗuwa kafin saƙo ya kai ƙwaƙwalwa. In zafi ya iso, sai ya tare wa ƙaiƙayi hanya. Amfanin susa ke nan. Sai dai kaɗan ake so, kada fata ta fashe."

Beguwa ta ce a ranta, "Rowa ce. Ba ta so in fi ta."

Sai ta yi shela, ga maganin manya. Zomo ya zo da kunne a kumbure. Ta caka masa ƙaya har ta ɓullo. Ta ce, "Ina ƙaiƙayin?" Ya ce, "Ya tafi, amma ga jini!" Bayan kwana bakwai miki ya soma bushewa, sai ƙaiƙayi ya dawo, ya ninka na da. Zomo ya wuce ta gabanta, ya shiga gidan Bushiya.

Sai Gada ta zo da ƙaiƙayi a wuya. Ta caka mata. Kwana bakwai, ita ma sai gidan Bushiya. Beguwa na kallo, ko abinci ta kasa ci.

Sai ta hango Zaki ya nufi ƙofar Bushiya yana susar hanci. Ta sha gabansa. "Ranka ya daɗe, babba kamarka a hannun yarinya? Zo nan."

Ya sunkuyo. Ta zaɓi ƙaya mafi tsawo, ta luma masa. Zaki ya yi ruri har ganye ya zubo. Beguwa ta zura da gudu, ba ta tsaya ba sai cikin kurmin karara. Gashin ya shige ƙarƙashin ƙayoyinta, ya kwanta a fata.

Ta kai ƙafa za ta yi susa, ƙayarta ta soke ta. Ta goga da itace, bai kai fata ba. Ta yi birgima, ta yi kuka.

Sai ga Bushiya. "Yaya, kwantar da ƙayarki, in shiga tsakani in danna miki."

Beguwa ta dube ta, ta dubi dabbobin da suka taru. Ta ce, "Don gobe a ce ke kika warkar da ni? Tafi abinki."

Ta shige rami da ƙaiƙayinta. Shi ya sa har yau, in kun ji Beguwa na girgiza ƙayoyinta suna kacau-kacau, susa take nema. Wanda ke jin haushin ɗan'uwansa, ko magani ya kawo masa har ƙofa, ba ya iya karɓa.

Ƙurunƙus, ta ƙare a nan.