Gambar Da Ke Yawo Ranar Kasuwa

An yi wani mutum a wani ƙauye kusa da Korgom, tun kafin Nasara su taka ƙasar Tasawa. Ba zan faɗi sunansa ba, don ina hangen jikokinsa a sahun gaba.

Mutumin nan yana salla, yana azumi. Ciwonsa guda ne, cin iyakar gona. Kun san da ciyawar gamba ake raba gona da gona. To, duk farkon damina, ranar da gari ya watse zuwa kasuwar Tasawa, sai ya saɓa hauya ya ja hannun ɗansa Ɗanjuma, yaro ɗan shekara bakwai. Ya tuge gamba, ya matsar da ita taki ɗaya cikin gonar maƙwabcinsa Cha'ibu. Aikin yaro shi ne tattake ƙasa, ladansa dabino biyu.

Ran nan yaro ya ce, "Baba, wanga ba wurin Baba Cha'ibu ba ne?"

Uban ya ce, "Kai, gamba ciyawa ce, ciyawa kuwa yawo takan yi."

Matarsa Halimatu ta yi magana har ta gaji. Shi ko Cha'ibu, bawan Allah, sai murna yake yana gaya wa mutane wai tsufa na ƙara masa ƙarfi, don kowace shekara yana gama noma da wuri.

Ya 'yan uwa, wa ya taɓa shuka gero ya girbi wake?

Ɗanjuma ya girma ya yi aure. Uban ya raba gona biyu, ya ba shi rabi, shi ya riƙe ɓangaren da ke jikin Cha'ibu, ya dasa gamba tsakaninsu da hannunsa. Daga nan gwiwa ta ƙi, ido ya dushe. Kyan ɗa ya gaji ubansa, in ji Hausawa, amma Ɗanjuma ya gada har ya wuce. Shi taki uku yake ci daga ɓangaren uban, ba ya ma jiran ranar kasuwa.

Tsoho ya ga rumbunsa na ƙarewa tun kafin bazara. Ya dogara sanda ya je gona, ya tarar abin da ya rage masa siriri ne kamar zanen saƙi. Ya ce, "Ɗanjuma, mi nike gani haka?"

Ɗanjuma ya durƙusa da ladabi ya ce, "Baba, ai ciyawa ce, yawo takan yi."

Haushi ya rufe wa tsoho ido, ya kai ƙara gun mai gari. Mai gari ya tara dattawa aka tafi gona, ya ce a fara daga iyakar kakanni. Wani dattijo ya nuna wani gawo a cikin ɓangaren Ɗanjuma ya ce, "Wanga icce, da muna yara, tsakiyar gonar su Cha'ibu yake. Ko shi ma yawo yakan yi?"

Aka kwashe da dariya. Aka ja igiya daga gawon, sai ga shi duk abin da tsoho ke kuka a kai na Cha'ibu ne, har da inda yake tsaye. Aka mayar wa mai shi. Ɗanjuma ya ce rabinsa kyauta ce, gaban shaidu aka ba shi, ya riƙe sauran. Tsoho ya koma gida da sandarsa kawai. Har ya mutu, daga gidan Cha'ibu ake aiko masa da fura.

Kuna dariya, ni kuwa tausayi ya ba ni. Shekara da shekaru yana tara ƙasar mutane, ƙarshe kamu huɗu aka haƙa masa, ita ma a filin gari.

Ya 'yan uwa, yaro ba ya riƙe wa'azinka, aikin hannunka yake riƙewa. Duk abin da ka koya masa a kan maƙwabci, a kanka zai ƙware. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sai ka duba wajen da ka tanƙwara, don nan zai faɗo.

Allah ya kiyaye mu da cin iyaka, ya shirya mana zuri'a, ya sa kada mu zama malaman ɓatansu. Amin.