Dankalin Baƙo

An yi wani mutum, wani bawan Allah mai suna Fergal, mutumin ƙasar Ailan. Shekarar da dankalinsu ya ruɓe a gonaki, yunwa ta koro shi. Ya hau jirgin ruwa, ya sauka wani gari na bakin teku inda bai san kowa ba, ya kama haƙar magudanar ruwa.

Abu ɗaya ya zo da shi daga gida: al'adar mahaifiyarsa. Duk sa'ad da za a ɗora tukunya, sai an ƙara dankali guda, na wanda bai iso ba tukuna.

Matarsa Bridie takan tsokane shi: "Maigida, wai wa kake jira ne?"

Sai ya ce, "Ni ma ban san shi ba, amma yana hanya."

Ana nan, ana nan, leburori 'yan ƙasarsu suka ga gaskiyarsa, suka zaɓe shi ɗan majalisa.

To, ku saurara, ga jarrabawar. Wasu baƙi suka fara sauka, masu wani yare daban, su ma yunwa ta koro su. Aka kawo doka majalisa: a rufe musu tashar jirgi. Dinny, tsohon abokin haƙarsa, ya same shi a gida.

"Ɗan'uwa, aikinmu za su ƙwace. Ka goyi bayan dokar nan, in ba haka ba, wallahi kujerar ta tafi."

Fergal ya ce, "Dinny, ranar da ka sauka garin nan ba takalmi, dankalin wa ka ci?"

"Ai ni naku ne!"

"Lokacin da aka jefa shi tukunya, ba a san naka ne ko na wani ba."

Ranar ƙuri'a ya miƙe ya ce bai yarda ba. Dokar ta faɗi. Zaɓe na zuwa, shi ma ya faɗi. Ya ɗauko shebur ɗinsa ya koma rami, yana 'yar waƙarsa, hankali kwance.

Wata rana sai ga Dinny a ƙofa, kai sunkuye, da wani baƙo a bayansa.

"A tasha na gan shi. Ba ya jin maganarmu. Ban san inda zan kai shi ba."

Bridie ta yi dariya: "Shigo. Nasa ya nuna tun ɗazu. Kai ne dai sai ka jira."

Jama'a, wanda aka buɗe wa ƙofa, kada ya shiga ya rufe ta. Dukanmu an taɓa saukar mu wani wuri. Yau in an ɗora tukunya a gidajenku, a ƙara na wanda bai iso ba.